Kalma ɗaya ta hana mu kai ƙanena asibiti

Ƙanena tela ne, kuma waswasi ne ya kama shi. Sai ya ƙarar da buta, ya sake cikowa, ya ce bai tabbata ruwa ya taɓa gwiwar hannunsa ba. A tayar da salla a idar yana tsugune bakin famfo. In ya samu ya tsaya, kabbarar harama kaɗai sai ya yi ta maimaitawa har na kusa da shi su fara juyowa. Fatar hannunsa duk ta tsattsage. Amma bai taɓa sambatu ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, ɗinkinsa kuma lafiya lau. Shi da kansa yake cewa, "Yaya, na san ba daidai nake yi ba, na kasa bari ne."

Na riga na shawo kan Inna za mu ga likita. Saura kawai a sanar da manya. A zaman ne Kawu ya ce, "Wannan ai hauka ne ke shigarsa. A kai shi asibitin mahaukata na Dawanau tun bai fara bin bola ba." Inna ta miƙe ta ce, "Yaya, ɗana ba mahaukaci ba ne, babu inda za a kai shi." Maganar asibiti ta mutu a nan, fiye da shekara. Kalmar kuma ba ta tsaya a zaure ba. Ta zaga unguwa har ta isa gidan yarinyar da aka sa musu rana, aka dawo mana da kaya.

Abin da ke ba ni haushi, kullum muna faɗin kalmar nan ba ta cutar da kowa. Wane ya haukace a kan ƙwallo, wance haukan so ke ɗibarta, farashi ya yi hauka a kasuwa. Wanda ya ƙwallafa rai a kan abu mu ce mayen shayi ne, mayen waya ne, a yi dariya a wuce. Amma ranar da aka ɗora ta a kan mara lafiya na gaske, hoton da ke zuwa wa uwa ɗaya ne: tsumma, mari a ƙafa, yara na jifa. Kawu bai yi nufin sharri ba. Sai dai bai tsaya ya auna ba, mu kuma muka biya.

A wannan shekarar na gane cewa sunan da aka ba ciwo shi ke zaɓar ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Gwaggo ta ce iska ce, aka yi ta ruƙiya da hayaƙi. Wata maƙwabciya ta ce sammu ne, saboda shagonsa ya fi na wasu ciniki, kuɗi suka tafi wajen karya abin da babu shi. Masu cewa waswasi ne kawai su ma ba su taimaka ba, don a bakinsu kalmar ta yi sauƙi ƙwarai: ka yi ta'awwuzi, ka karanta Nasi, zai wuce. Yaron yana karantawa dare da rana. Da na gwada "taɓin hankali" sai Inna ta ce hauka ne dai na sa wa riga. "Zautuwa" da "ya zare" kuwa ban ko kusance su ba.

Malamin da ya karantar da mu Ahalari ne ya buɗe mana hanya. Ya zo har gida ya ce wa Inna, "Hajiya, malaman fiƙihu sun san wannan tun da daɗewa. Mai waswasi an ce ya watsar da kokwanton, kada ya sake abin da yake shakka a kai, ya yi sujada ba'adi kawai. Wanda ya kasa watsarwa kuwa lalura ce ta same shi, lalura kuma a nemi magani." Lalura. Ita ce kalmar da Inna ta iya haɗiyewa. Ba mu ce asibitin mahaukata ba, muka ce za mu ga likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti.

Likitan ya ce ciwo ne sananne, tunani ya maƙale wa mutum ya tilasta masa maimaita abu, kuma daban yake da ciwon da ke sa jin muryoyi ko gushewar hankali. Ya ba da ƙwaya, ya gargaɗe mu cewa sai an yi makonni kafin a ga aikinta, kada a daina. Sannan ya ba shi horo: alwala ɗaya, ka tashi, ka jure damuwar har ta sauka da kanta. Kusan abin da Malam ya karanto mana ke nan. Na yi murna, na kuma ji takaici, don da an yi wannan tun kafin zaman Kawu.

Daga baya na ji cewa tsohuwar dokar kula da irin waɗannan marasa lafiya a Najeriya, ta 1958, ita ma da sunan mahaukata ake kiranta, sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwa. To in gwamnati ta canza bakinta, mu ma a gida za mu iya.

In kana da irin wannan a gida, kada ka tara dangi a zaure ɗaya. Bi manya ɗaya bayan ɗaya, ka riga su sa wa abin suna, ka ce lalura ce, ka bayyana abin da yake yi da abin da ba ya yi. Ka fara da wanda ka san bakinsa ba shi da linzami. Ka nemi malamin da uwar ke jin maganarsa kafin ka ambaci asibiti.

Ƙanena yanzu yana samun jam'i, yana shan maganinsa, waswasin kan leƙo lokacin da aiki ya yi masa yawa, kamar gab da Salla. Maganar aure kuwa har yau duk gidan da muka je, sai an samu wanda ya riga mu kai musu kalmar Kawu.