Tarihin Rayuwata, kashi na 6: Rediyon Baba

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Makon jiya na tsaya a inda aka sa ni firamare, to kafin mu shiga labarin makaranta sai da na ga ba zan iya tsallake rediyon Baba ba, don wallahi rabin abin da na sani ina yaro daga cikin akwatin nan ya fito.

National ce, baƙa, mai cin manyan batir huɗu. Wani baduku ya ɗinka mata riga ta jar fata har da maratayi, an huda ƙananan ramuka daidai inda murya ke fita. A ƙauyenmu da ke kusa da Malumfashi, lokacin ma muna cikin jihar Kaduna don sai 1987 aka ba mu Katsina, gidajen da ke da rediyo ba su da yawa, shi ya sa in an idar da isha'i za ka ga dattawa suna sulalowa ƙofar gidanmu ɗaya bayan ɗaya, kowa da buzunsa. Baba zai zaro eriya a hankali sai kace mai zare ƙaya, ya kara kunne yana murɗawa, ana ta shuuu da ƙiiii har muryar London ta fito. Daga nan ko tari ba a yi. Mu yara muna can gefen tabarma, ni dai har na kai shekara bakwai ina da yaƙinin wasu 'yan mitsi-mitsin mutane ne a ciki, abin da ya fi damuna shi ne me suke ci.

BBC ta dattawa ce, mu tamu ita ce Kaduna. A mita 49 ake kamo ta, kuma Baba ya ɗiga jan fenti a kan gilashin daidai wurin don kar a sha wahalar nema. Nan ake Jakar Magori, nan ake Basafce, nan ake Samanja Mazan Fama. Kai Samanja! Usman Baba Pategi ke nan, mutumin da ya yi aikin soja da gaske, ya kwaso Hausar bariki ya zuba mana, ya mai da mace namiji ya mai da namiji mace, ga tsawa. Washegari duk yaran unguwa sun zama sojoji, mu saɓa karan dawa a kafaɗa muna fareti a bayan masallaci, kowa na so shi ne Samanja ba mai yarda ya zama kurtu. Ni da yake na fi kowa ƙanƙanta kullum ni ne kurtun.

Inna kuma ba ruwanta da wannan, ita Taskira Asirin Mai Ɗaki take jira, da Barmani Choge. In aka sako kiɗan ƙwaryar nan tana tsakar gida tana tankaɗe za ka ga rariyar ta koma bin kiɗan, in ta lura muna kallo ta haɗe rai ta ce me kuke kallo. Kakarmu Hajiya ta ce ita duk shirme ne in ba Ɗanƙwairo ba. Baba mutumin Shata ne, ba ya rawa ba ya amshi, iyaka ya lumshe ido yana kaɗa babban yatsan ƙafa in kalangu ya ɗau zafi. Ni kuwa Ɗan Maraya Jos ne nawa, don na kasa gane yadda mutum ɗaya ba 'yan amshi ba makaɗa, daga shi sai kuntigi mai tsirkiya ɗaya, zai cika gida haka. Na sha yanka hannu wajen haɗa nawa da gwangwanin kifi da wayar burkin keke. Da Haruna Uji da gurminsa, da Garba Supa da kukumarsa, duk a akwatin nan na san su, ban taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba sai da na girma.

A rediyon nan muka ji an hamɓarar da Shagari, ranar Asabar 31 ga Disamba 1983. Tun da safe Baba ya kunna ya ji badujala kawai ake sakawa, ya ce wa Kawu yau ba lafiya ba, haka aka yi ranar da aka kashe Murtala. Bayan nan kaya suka yi wuya, sabulu, madara, sukari, har batir, sai Baba ya kafa doka: rediyo ta labarai ce da abin da shi ya ga dama, in zai fita ya rataye ta a ƙusa can sama a ɗakinsa.

To ranar da zan ba ku labari, da hunturu ne, ya kai auduga fuloti, wato kasuwar auduga, kuma mun san ba zai dawo ba sai magariba. Inna ta tafi gidan suna. Yayana, wanda ya ba ni shekara huɗu, ya ce in na hau wuyansa na sauko da ita zai bar ni in murɗa da hannuna. Ni da ban taɓa taɓa maɓallin nan ba! Ai ko gardama ban yi ba. Muka shige bayan rumbu da ita, muka kamo Kaduna, aka yi sa'a ana Zaɓi Sonka.

Wanda bai zo duniya lokacin ba ba zai gane daɗin shirin nan ba. Kati ake saye a rubuta sunayen waɗanda ake gaisarwa a aika, mai gabatarwa ya yi ta jero su, wane a Gusau yana gaida wane a Maraɗi, wance a Jos tana gaida ƙawarta a Kumasi, wasu sunayen kullum sai ka ji su har ka haddace su da laƙabinsu kamar 'yan gidanku, alhali ba ka san ko baƙaƙe ne ko farare ba. Ni a nan na fara jin sunan Garwa da Tamale da Damagaram, tun kafin malamin firamare ya nuna mana taswira. Muka yi ta ji, aka gama aka shiga wani shirin, aka sa waƙa, muka ce bari wannan ta ƙare, wata ta zo, har la'asar. Sai muka ji murya ta fara shaƙewa tana ja da baya sai kace mai magana daga cikin rijiya.

Yaya ya ce kar in damu shi ya san dabara. Muka zare batiran muka jera su a kan kwanon ɗakin awaki su sha rana, ranar hunturu kuwa ba ta da wani ƙarfi ga hazo, da ya ga haka sai ya ce a ɗan ciccije su wai wutar tana taruwa. Na ciji biyu ya ciji biyu. Har yau in na tuna ina jin ɗacin nan a harshena. Muka mayar, ta ɗan yi magana, muka rataye ta muka fita wasa kamar ba mu ba.

Da dare dattawa suka hallara, har da wani baƙo da ya biyo Baba daga fuloti. Aka kamo London, an fara kanun labarai ke nan sai murya ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ɗif. Baba ya bubbuga ta, shiru. Ya ce ikon Allah, batiran da na saya ran kasuwa? Ya buɗe bayanta ya zazzage su a tafin hannu, Kawu ya matso da fitilar ƙwai. Ga sawun haƙora nan reras, kuma a biyu daga ciki akwai giɓi a tsakiya, ni kuwa a satin nan haƙorina na gaba ya faɗi.

Baba ya daɗe yana kallon batirin. Ya kira sunana ya ce zo nan, buɗe bakinka. Na buɗe. Kawu ya fashe da dariya har da faɗuwa a kan buzu, baƙon nan yana ta a yi haƙuri Malam yaro ne, na waiga inda Yaya yake zaune, wayam, ashe tun da aka ɗauko fitila ya bi ta bayan gida.

Bai dake ni ba, kuma da dukan ya yi da ya fi min sauƙi. Cewa ya yi tunda kunnena ya ci batir to hannuna zai biya, duk ranar da ba makaranta in bi mata tsintar ragowar auduga a gona har kuɗin batir huɗu su cika. Sati uku ina yi, kuma a sati ukun nan gidanmu ba rediyo, dattawa suka koma ƙofar gidan mai unguwa, Inna ta rasa Taskirarta, ko kallona ba ta son yi. Da kuɗin suka cika har da 'yan canji a sama, Yaya, wanda bai tsinci ko ƙwaya ɗaya ba, ya zo yana raɗa min wai ya san inda ake sayar da katin Zaɓi Sonka a Malumfashi.

Yadda muka yi da katin nan, da sunan da na rubuta a ciki wanda ya sa na kwana biyu ban iya haɗa ido da 'yan ajinmu ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.