Ranar da Muka Yi wa Jirgin Yaƙi Dako zuwa Zariya

Gyaran bodin mota nake yi a Sabon Gari, kuma ban taɓa shiga jirgin sama ba. Iyakata da shi in ɗaga kai in ga na ɗaliban kwalejin tuƙin jirage ta Palladan suna shawagi, abin da Zazzagawa suka saba gani tun bayan kafa ta a 1964. Shi ya sa da maigidana ya ce in shirya za mu Kaduna ɗauko jirgi, na ɗauka zolaya ce.

Mun same shi a wani fili a bayan gari, ciyawa ta kai masa ciki, tayoyin sun sace sun nutse a ƙasa. L-29 ne, wanda ake kira Delfin, ƙirar Cekoslobakiya, irin waɗanda Najeriya ta samo a 1967 da yaƙin basasa ya ɓarke. Asalinsa na koyar da matuƙa ne, ɗalibi a kujerar gaba, malami a baya, amma da Ingila da Amurka suka ƙi sayar wa gwamnatin Gowon jiragen yaƙi, sai aka ɗaura wa irinsa makamai. Mai shi ba so yake ya sake tashi ba, injin ma an daɗe da cire shi. So yake a gyara jiki, a mayar da fenti, a kafa shi inda jama'a za su gani.

Jagoran aikin wani dattijo ne da ya yi ritaya daga gyaran jirage a sojan sama, kowa Baba yake ce masa. Kwana biyu muka yi kafin mu raba jirgin da fukafukansa, don daga bakin wannan fiffike zuwa wancan ya ɗara mita 10, babu titin da zai ɗauka. Notuna sun ci tsatsa. Na ɗauko guduma da kurfi kamar yadda na saba, Baba ya riƙe mini hannu.

"Ɗana, ajiye. Zuba kananzir ka je ka sha shayi."

Haka aka yi ta jiƙawa ana lallaɓawa. Duk notin da ya fito sai ya shiga gwangwanin madara, Baba ya rubuta a jiki daga inda aka kwance shi. Gwangwani 14 muka tara. Ƙaramin fiffiken da ke can ƙololuwar wutsiya shi ma aka sauke shi.

Wajen lodi aka yi 'yar jayayya. Direban tirela ya jawo sarƙoƙin da yake ɗaure katafila da su, Baba ya ce sam. "Malam direba, fatar nan alminiyam ce, ba ta kai kaurin murfin tukunya ba. Ka ja sarƙa a kanta, ka ƙara wa yaran nan aikin wata guda." Aka sayo tsofaffin katifu a kasuwa, aka shimfiɗa tayoyi, motar ƙugiya ta ɗora gangar jikin a hankali, aka ɗaure da bel mai faɗi. Fukafukan suka hau wata motar daban, a tsaye, kamar ƙyamaren da za a kai gidan amarya.

Muna idar da asuba muka kama hanya. Tsakanin Kaduna da Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka, kuma Baba ya ce a zamaninsa jirgin nan yana wuce kilomita 600 a awa, wato ko minti goma ba zai yi ba. Mu kusan awa goma muka yi. Aikina a hanya shi ne riƙe doguwar gora busasshiya. Duk inda wayar wuta ta yi ƙasa, kamar cikin Rigachikun, sai in dira in tallafe ta har wutsiya ta wuce, in bi motar da gudu in ɗafe.

A Mararrabar Jos, inda tankoki da tireloli suka cinye gefen titi, muka tsaya karyawa. Kafin mai shayi ya fasa ƙwai an kewaye mu. Wani ɗan gwangwan ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya ja ni gefe ya ce nawa za mu bar masa kilo. Allah ya sa Baba bai ji ba.

Bayan Birnin Yero aka samu matsala, kuma laifina ne. Ni na ɗaure bel ɗin baya, ban sake duba shi ba bayan tsayawar farko, alhali katifa tana lotsawa in nauyi ya zauna a kanta. Duk babbar motar da ta gifta sai iska ta kaɗa jirgin, har katifa ɗaya ta zame, gefen cikinsa ya gogi ƙarfe ya loɓa kamar tafin hannu. Baba ya shafa wurin ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "To, ai sana'arka ce. Kai za ka fitar da shi, kuma ba da guduma ba." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

A wajen Jaji sojoji suka karɓi takardu suka karanta su ɗaya bayan ɗaya, sannan wani kofur ya roƙi a ɗauke shi hoto a gindin hancin jirgin.

Daga Ɗan Magaji 'yan acaba suka yi mana rakiyar da ba mu nema ba, suna ta oda, yara na bin mu da ihu wai jirgi ya faɗo. A gadar Kwangila direba ya ƙi matsawa sai da na hau da gorata na gwada tsayin kayanmu ya gani da idonsa, sannan muka juya hanyar Samaru. Ana kiran la'asar motar ƙugiya ta dire shi a kan tayoyi a wurin aikin.

Mu duk mun zube a inuwa, Baba kuwa gwangwanayensa ya jera yana ƙirgawa. Goma sha uku. Aka birkice mota, aka zazzage buhuna. Ashe yaron mota ne ya juye notunan fiffiken dama cikin akwatin sifanu, ya ɗauki gwangwanin yana ɗura wa lagireto ruwa. Har aka yi isha'i muna durƙushe ni da shi, Baba na haska mana tocila, muna tsince notin jirgi daga cikin na tirela.