Baƙar jakar da na kai juji

Tun watan Nuwamba na 2022, duk lokacin da na ga baƙar jakar goyo a yashe a gefen hanya sai gabana ya faɗi.

A Sakramento nake zaune, babban birnin jihar Kalifoniya, kuma keke ne ya haɗa ni da Kogin Amerikan. Likita ya ce in rage tumbi, na sayi keke, na kama bin hanyar da ta bi gaɓar kogin. Daji ne aka bari a tsakiyar gari, ana ce masa American River Parkway, tsawon mil 23 daga Discovery Park, inda kogin ya haɗu da Kogin Sakramento, har madatsar ruwa ta Nimbus. Da sassafe za ka ci karo da barewa da talo-talon daji, da kaka kuma kifin salmon ya hauro daga teku don ya yi ƙwai. Ni da na tashi ina toshe hanci a bakin Jakara a Kano, wurin nan ya shiga raina ƙwarai.

Shi ya sa ɓarnar ta riƙa ƙona mini rai. A ɓangaren da ya fi kusa da tsakiyar gari tantunan marasa gida ne ko'ina cikin duhuwa. An sassare itatuwa an yi makamashi, ga batiran mota da tukwanen gas a bakin ruwa, ga allurai cikin ciyawa. Wasu har haƙa suke yi a jikin jingar da ke tare ambaliya don su sami shimfiɗaɗɗen wurin kafa tanti, a garin da kowa ya san jingar nan ce tsakaninsa da ruwa. A 2021 gobara ta cinye yankin Bushy Lake da ke bayan Cal Expo, filin baje kolin jihar, wurin da malaman jami'a da ɗalibansu suka yi shekaru suna raya shi. Ban ce kowace gobara daga murhun masu tanti ta tashi ba, amma wanda ya ga ana girki a tsakiyar busasshiyar ciyawa a watan Yuli ba ya bukatar dogon bayani.

A watan Satumba na 2022 na shiga gagarumin aikin gayyar kwashe shara da ƙungiyar American River Parkway Foundation ke shiryawa duk shekara. Lafiya lau aka yi aka tashi. Kafin a fara an ja mana kunne: kada a ɗauki allura da hannu, kada a kusanci wurin da mutum ke zaune, a kai rahoto a bar wa jami'an da aikinsu ke nan. Ta kunnen dama ta shiga, ta fita ta hagu.

Bayan wata biyu na ga ai ba sai na jira shekara ta zagayo ba. Na tara abokai uku, muka ari a-kori-kura, muka nufi wajen Woodlake, wani yanki na dajin, ranar Asabar da hantsi, ba mu sanar da kowa ba. Muka tarar da wani wuri a ƙarƙashin itatuwa: tamfol a yage, katifa jiƙe sharkaf, toka ta yi sanyi, ba motsin kowa. Wani abokina ɗan Damagaram, wanda ya girme ni, ya tsaya ya ce, "Malam, anya wurin nan ba shi da mai shi?" Na ce, "Haba Alhaji, wa zai kwana a wannan juji?" Muka kwashe komai.

Jakar tana can cikin wani kurmi, an naɗe ta cikin leda biyu, an ƙulle bakin tam. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Wanda ya yar da abu ba ya naɗe shi don kada ruwa ya taɓa shi. Ban buɗe ba, wai ina tsoron allura. Na cilla ta bayan mota, muka kai juji, na biya kuɗin zubarwa daga aljihuna, ina jin kaina wani gwarzo.

Washegari muka koma ni da Alhaji don mu ɗauki hoton wurin. Sai ga wani dattijon Bature zaune a ƙasa, daidai inda katifar take jiya. Bai ɗaga murya ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Tambaya ɗaya ya yi, ko mun ga wata baƙar jaka. Abincin rana ya tafi ci a Loaves & Fishes, cibiyar da ke ciyar da marasa gida ba nisa da kogin, kamar yadda da yawansu ke yi, shi ya sa da hantsi wurarensu ke zama kamar kufai. A cikin jakar akwai katin shaidarsa, da takardar haihuwarsa, da katin Social Security, da maganin hawan jini, da takardar ganawa da ma'aikaciyar da ke nema masa ɗaki.

Na yi shiru. Wallahi na yi niyyar in ce ban gani ba. Alhaji ne ya ce, "Mu ne muka ɗauka."

Ni fa baƙo ne a ƙasar nan. Takarduna suna cikin akwatin ƙarfe da wuta ba ta ci, mai ɗakina ma ba ta taɓa shi sai da dalili. Babu wanda ya fi ni sanin cewa a Amurka mutum ba takarda ba mutum ba ne. Amma na ɗauki na wani na kai juji saboda ban ga mai su da idona ba.

Na koma jujin ranar Litinin, ma'aikacin ya nuna mini tsaunin shara ya girgiza kai. Daga nan aka shiga zagaye. Kafin a ba ka katin shaida sai ka kawo takardar haihuwa, ita kuma a wata jiha aka haife shi, can ma so suke ka tabbatar musu kai ne. Ga maganar adireshin da za a aiko da ita, ga shi ba ya da waya tsayayya, sai in yi ta yawo cikin daji ina nemansa ranar da za mu je ofis. Wata huɗu muka yi a haka, cikin sanyi da ruwan saman hunturun nan da kogin ya cika ya mamaye Discovery Park. Kuɗin da na kashe ba shi ne ya dame ni ba. Ɗakin da ake nema masa ya wuce shi, aka ba wani.

Kada wani ya ɗauka na sauya ra'ayi game da tantunan. Ban sauya ba. Kogin ba zai iya ɗaukar wannan nauyi ba, su ma mazauna wurin gobara da ambaliya su suke fara ci. Na goyi bayan dokar da gundumar Sakramento ta kafa a watan Agusta na 2022 ta hana kafa tanti a wurin. Lokacin hukuncin shari'ar Martin da birnin Boise na 2018 ya ɗaure hannun hukuma, don ya hana hukunta mai kwana a waje muddin babu gadon da za a ba shi, har sai da Kotun Ƙoli ta warware shi a watan Yuni na 2024 a shari'ar Grants Pass. Abin da ke ba ni haushi shi ne masu cewa a kwashe a kwashe kawai, kamar mutum 9,278 da aka ƙirga ba su da matsuguni a gundumar a 2022 za su narke ne su bi ruwa. Da bakina na faɗi irin wannan maganar, na san daga inda take fitowa.

Idan za ka shiga aikin nan, bi ƙungiya, kada ka yi gaban kanka. Wurin da ka ga alamar kwana, ko da toka ta yi sanyi, ɗauki hoto ka kira 311, lambar kai rahoto ga hukuma, ka wuce. Jami'ai kan manna sanarwa kafin su tashi wuri, mai kaya ya sami damar kwashe abin da ya fi ƙarfin a rasa. Kai da ka zo da a-kori-kura ranar Asabar ba ka da wannan tsarin. Sharar da ke warwatse a fili ta ishe ka aiki, ba za ka ƙarar da ita ba. Abin da aka naɗe, ko aka ɓoye, ko aka rataye a reshe, ba naka ba ne.

Ranar da katin ya fito na kai shi ya karɓa, muka tsaya muka sha shayi. Na sake neman gafararsa, ya ce ai ya wuce. Sai ya roƙe ni abu ɗaya, in ɗauki hoton katin gaba da baya in ajiye a wayata, ko da wani zai sake zuwa yin shara. Rabona da ganinsa tun bazarar 2023. Na sauya waya sau biyu tun lokacin, hoton yana nan.