Asabar a Magangarar Ruwan Zainabi

Yau na cika alkawarin da na daɗe da yi wa yara, cewa kafin damina ta ɗauke zan kai su su ga inda ruwa yake zubowa daga kan dutse. Mun bar gidanmu da ke Gwammaja bayan sallar asuba, ni da uwargida da yara uku da Hajiya, wadda ta ce ƙafarta ƙafarmu duk da ciwon gwiwar da take fama da shi. Muka ɗauki hanyar Zariya, muka ratsa gonakin shinkafar Kura masu shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan a Kwanar Ɗangora muka karkata zuwa hanyar Jos.

Bayan Tudun Wada muka shiga dajin Falgore, wanda Kogin Kano yake ratsawa kafin ya isa Tiga, kuma yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun daji na ƙasa. Yaran sun sa rai da ganin manyan namun dawa, amma birai kaɗan kawai suka gani a gefen titi. Hajiya kuwa ba ta ajiye carbinta ba har muka fita, domin labarin dajin da ta sani tun da can ba na yawon buɗe ido ba ne.

Daga nan muka nufi yankin Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ƙasar duwatsu da aka sani da haƙar kuza. Hanyar ta wahalar da motata ƙwarai, har dai muka ajiye ta muka taka da ƙafa, wani dattijo ɗan garin yana yi mana jagora. Mun ji ruwan kafin mu gan shi. Da farko na ɗauka rugugin hadari ne daga nesa, sai da muka zagaya wani dutse muka tarar da shi fari fat, yana sulalowa daga sama yana dukan duwatsun ƙasa, feshinsa yana sauka a fuskokinmu da sanyi kamar na randar ƙasa. Duwatsun bakin ruwan duk gansakuka ce, shi ya sa dattijon ya ce, "Alhaji, a cire wa yara takalma, santsin nan ba ya jin magani."

Auta, wadda shekararta biyar, ta yi tsit tana kallo na tsawon lokaci, sannan ta ja rigata ta ce, "Baba, wa ya bar shi a kunne? Ba za a yi masa faɗa ba?" Kowa ya yi dariya, amma ni dariyata ba ta yi nisa ba, domin yarinyar nan tun da ta yi wayo ba ta san ruwa ba sai a jarkar mai garuwa, kuma kullum tana jin mahaifiyarta tana ƙirga bokiti nawa ya rage. Hajiya, da ke zaune a kan tabarma a gindin wata bishiya, ta ce a ɗebo mata ta yi alwala, ta kuma tuna mana cewa mu matafiya ne, sai muka yi azahar ƙasaru. Bayan nan uwargida ta buɗe kular dambun shinkafa da soyayyen nama, muka kora da zoɓo.

Ƙarfe biyu da rabi na matsa a tashi, domin ban yarda duhu ya same mu a cikin dajin ba. Mun iso gida ana kiran sallar isha'i, muka tarar famfo yana nan yadda muka bar shi, ko ɗigo babu. Auta ta taho da ruwan Zainabi cike da gorar zoɓonta, ta hana kowa taɓawa, kuma yanzu haka da nake rubutu tana barci gorar tana gefen matashinta.