Daga fadamar Argungu zuwa Bangalo: abin da takardar buƙatu ba ta ɗauka

Aikina a tawagarmu shi ne in zauna da manoman shinkafa a Argungu da Suru, in ji abin da suke so manhajar bashin taki ta yi musu, sannan in rubuta shi ga masu haɗa ta. Su suna Bangalo ta Indiya, shugabar aikin tana Jamus, kuma babu wanda ya taɓa taka fadama a cikinsu.

Na rubuta cewa manomi zai shigar da yawan abin da ya girbe, ina ganin magana ta fito sarai. Bayan mako biyu sai ga gurbi a manhajar yana neman kilo. Manomi a nan da buhu yake lissafi, sai tiya, kuma buhun shanshera ba nauyinsa ɗaya da na shinkafar da aka gyara ba. Da na nuna wa wani dattijo a wayata, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, yaro, Allah ya sa albarka." Wanda bai san mu ba zai rubuta cewa ya amince, alhali kara ce kawai ya yi mini.

Ban ɗora wa mutanen Bangalo laifi ba, domin abin da na aika suka gina. Matsalar ita ce abin da kowa ya sani a gari ba ya zuwa wa mutum a rai ya rubuta shi, kamar cewa adireshi a ƙauye shi ne "bayan masallacin Juma'a", ko cewa waya ɗaya takan yi wa gida guda aiki. Sai da na ba su labarin yadda aka katse layukan sadarwa a Zamfara a watan Satumbar 2021 kafin suka yarda cewa dole manhajar ta yi aiki ba tare da intanet ba.

Ga kuma agogo. Indiya na gabanmu da awa huɗu da rabi, saboda haka tambayar da ta iso ina shirin masallaci ranar Juma'a, amsarta sai Litinin za su gani, kuma kafin nan wani ya riga ya yi hasashe ya ci gaba da aiki a kansa.

Yanzu kowace buƙata da na rubuta ina haɗa ta da ɗan bidiyo. Na makon jiya a kasuwar Argungu na ɗauke shi, mai awo yana tula tiya har tana zuba.