Kafin ka kai samfurinka gaban hasken sinkurotiron

Wannan rubutu na ɗalibanmu ne da ke digiri na biyu da na uku a Zahran, Suwal, Jidda da Riyad a Saudiyya, musamman masu aiki kan katalis ɗin da matatun mai ke amfani da shi wajen cire sulfa daga dizal. Da yawanku an ce muku ku nemi lokacin awo a sinkurotiron, kuma hankalinku duk ya tafi kan takardar nema da biza. Abin da ya fi ɓata irin wannan awo yana faruwa ne a ɗakin gwajinku, makonni kafin tafiya.

Na'urar kanta zobe ce da ake zagaya elektiron a cikinta da gudun da ya kusa na haske. Duk inda maganaɗisu ya lanƙwasa musu hanya sai su fitar da haske mai ƙarfin gaske, daga infared har zuwa eksire. An fara ganin wannan haske a 1947 a ɗakin binciken General Electric da ke Amurka. Mafi kusa da mu ita ce SESAME da ke Allan a Jodan, wadda aka buɗe a 2017: ƙarfinta 2.5 GeV, kewayenta mita 133 ne. Ta Grenoble a Faransa, wato ESRF, tana da 6 GeV da kewayen mita 844. Ana ba da lokaci ne zango-zango, kowane zango awa takwas, kuma idan naka ya ƙare wani na tsaye yana jira.

Awon da mai katalis ya fi bukata shi ne XAFS, wato auna yadda samfuri ke zuƙar eksire yayin da ake ƙara kuzarin hasken. Kowane sinadari yana da matakin kuzarin da yake fara zuƙar eksire kwatsam: baƙin ƙarfe a 7112 eV (ma'aunin kuzarin haske), kobal a 7709, nikel a 8333, molibdenum a 20000. Siffar wannan tsalle tana nuna yanayin oksidan atom ɗin, 'yar rawar da layin jadawalin awon ke yi bayan tsallen kuma tana nuna maƙwabtansa nawa ne da nisansu. Amfaninsa a gare ku shi ne ba ya bukatar kiristal. Nikel ɗin da ya bazu a kan alumina, wanda na'urar XRD ɗin jami'arku, mai bukatar kiristal, ba ta ganinsa, a nan zai bayyana.

To, ga inda ake tuntuɓe. Idan haske zai ratsa samfurin ne a auna abin da ya fita, ana son tsallen ya kai kusan 1, jimillar zuƙar kuma kada ta wuce 2.5 da yawa. A ƙwayar da ake matsawa daga garin samfurin, mai faɗin milimita 13, wannan yana nufin kamar miligiram 6 kacal na NiO zalla. Sauran, kimanin miligiram 100, boron naitirayid ne ko selulos, don ƙwayar ta riƙe jikinta. A lissafa adadin da manhaja irin su Hephaestus ko XAFSmass, kada a kintata. Mai ganin garin ya yi kaɗan ya ƙara, ya toshe hasken da hannunsa.

Niƙa ita ce aikin. A ƙaramin turmin agat, minti goma sha biyar zuwa ashirin, har launin ya zama ɗaya babu ɗigo-ɗigo, kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Dalili kuwa: idan wani gefen ƙwayar ya yi kauri wani ya yi siriri, ko akwai 'yar huda, haske zai zurare ta wurin da ya fi sauƙi. Layin zai fito sumul, ba abin da zai nuna maka akwai matsala, amma rawar ta ragu, lissafi kuma zai ba ka maƙwabta huɗu a inda shida ne. Abin takaici ne ɗalibi ya rubuta babi guda yana bayanin ƙanƙantar ƙwayoyin katalis ɗinsa alhali rashin niƙa ne. Ɗaga ƙwayar gaban fitila kafin ka rufe ta da tef ɗin Kapton. Ku da ke gaɓar teku, Jidda da Zahran, ku busar da garin tukuna, domin alumina da selulos suna shan laima, ƙwayar kuma sai ta farfashe a hanya.

Idan ƙarfen da ake nema bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, yawanci hasken da samfurin ke mayarwa ake aunawa, a karkata shi digiri 45. Amma kada a yi haka da samfuri mai kauri kuma mai yawan ƙarfe, don zai shanye nasa hasken, tsallen ya baje.

Sai maganar iska, wadda ta fi shafar masu katalis na NiMo da CoMo, wato nikel ko kobal haɗe da molibdenum. Katalis ɗin da aka riga aka sa wa sulfa, da ya haɗu da iskar ɗaki sai samansa ya koma oksaid. Ka je ka auna abin da ba shi ne yake aiki a matata ba. A matsa ƙwayar a rufe ta cikin akwatin argon, a sa a leda mai rufin aluminiyam a liƙe, kada a buɗe sai a can. Wanda ke son duba sulfar kanta ya sani tsallenta yana 2472 eV, iska tana cinye irin wannan haske cikin 'yan santimita, don haka sai layin haske, wato tashar awo a jikin zoben, da ke da hiliyam ko mara iska. A tambayi masanin layin tun kafin a rubuta takardar nema.

A ranar awo, a sa fallen ƙarfe zalla a bayan samfurin a auna su tare, domin bambancin da kake nema tsakanin yanayin oksida biyu wani lokaci ba ya wuce eV ɗaya ko biyu, na'urar zaɓen kuzari kuma tana iya gocewa. A taho da sanannun sinadarai na kwatance, irin su NiO, MoO3 da MoS2, a haɗa su da irin kulawar da aka ba samfurin. A maimaita kowane awo sau uku aƙalla, a ɗora na farko kan na ƙarshe a manhajar Athena kafin a haɗe su. Idan tsallen yana matsawa daga awo zuwa awo, hasken ne ke sauya samfurin, abin da ya fi faruwa da jiƙaƙƙen samfuri da masu jan ƙarfe ko kuromiyam. Maganinsa a rage hasken, a sanyaya samfurin, ko a koma sabon wuri a jikin ƙwayar a kowane awo.