Kifin ƙanƙara daga teku zuwa Kano: abin da aikin kwantenar sanyi ya koya min

Duk wanda ya shigo sana'ar kifin ƙanƙara, teku ne ke fara ba shi tsoro. Da ya tuna makonnin da kaya za su yi a kan ruwa daga Nowe ko Holan ko Muritaniya kafin su iso Legas, sai hankalinsa ya tashi. Ni kuwa da na daɗe ina aiki da wani kamfani mai kawo titus da shawa da kote ta tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can da ke Legas, yana haurawa da su Kano, na gane cewa a cikin jirgi ne kaya suka fi samun gata. Kowace kwantenar sanyi, wadda muke kira rifa, tana da soket ɗinta na wuta a jirgin, ma'aikata na zagayawa suna duba ma'auninta, manyan kamfanonin jiragen ma daga ofis suke ganin yanayin sanyinta. Yawancin ɓarnar da na gani da idona a kan tudu ta auku, ko dai kafin a loda kaya, ko bayan an sauke su, a sa'o'in da kwantena ta bar wata wutar ba ta kai ga ta gaba ba.

Abu na farko da aka cusa min a kai shi ne rifa kamar fulas ɗin shayi take: abin da ka zuba mata shi take riƙewa. Injinta an yi shi ne don ya tsare sanyin da kaya suka shigo da shi. Kifi sai ya riga ya daskare har cikin tsokarsa a masana'anta, ya kai digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, kafin a kai shi bakin kwantena. In aka loda shi da sauran ɗumi a ciki da sunan ai zai ƙarasa daskarewa a hanya, kwalayen gefe za su yi sanyi, na tsakiya kuma su yi kwanaki suna lalacewa a ɓoye. Shi ya sa mai duba kaya na ƙwarai ba ya wadatuwa da lambar da ke jikin allon injin, domin wannan lambar sanyin iska take nunawa. Yakan buɗe kwali ya soka ma'auni cikin kifin.

Daga nan sai maganar iska, wadda na fi daɗewa ina mamakinta. Daɓen rifa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, layuka ne na alminiyam masu kwararo a tsakani. Inji yana hura iska mai sanyi ta ƙasa, ta bi kwararon har bakin ƙofa, ta hau sama, ta dawo ta kan kaya. A jikin bango daga ciki akwai jan layi kusa da rufi, kuma haramun ne kwali ya wuce shi. Mai kaya kullum yana son a ƙara kwali goma ko ashirin tunda kuɗin kwantenar ɗaya ne, amma waɗannan kwalayen su ne za su toshe wa iska hanyar dawowa. Wannan matsala tsohuwa ce. A watan Fabrairun 1882 jirgin Dunedin ya tashi daga New Zealand da daskararren naman tumaki kusan 5,000 zuwa Landan. Da suka shiga yankin zafi aka lura iskar sanyi ba ta zagaya rumbun jirgin yadda ya kamata. Kyaftin John Whitson da kansa ya rarrafa ciki ya yanka ƙarin ƙofofin iska, sanyi ya kusa kashe shi, da igiya aka jawo shi waje. Bayan kwana 98 jirgin ya isa, tunkiya ɗaya tak aka ƙi karɓa. Duk lokacin da nake jayayya da masu lodi a kan jan layin nan, mutumin nan nake tunawa.

Ɗanyen kaya kuma wata duniya ce daban, na kuma fahimci haka ne da muka fara taimaka wa masu fitar da amfanin gona. Daskararren kifi ana matse kwalayensa wuri ɗaya, a rufe ƙofar shan iska ruf, sanyi ya zagaye shi ta waje. Ayaba da mangwaro da doya kuwa suna da rai, suna numfashi, suna fitar da zafi da wata iska mai sa 'ya'yan itace nuna, wadda ake kira etilin. Dole kwalinsu ya zama mai huji, iska ta ratsa ta cikinsu, a kuma buɗe ƙofar shan iska gwargwado. Sanyin da ya yi yawa ma illa ne gare su. Ayabar da ake lodawa daga Duwala ta Kamaru da Abijan ta Kwaddibuwa zuwa Turai ana tsinko ta ne tana kore, a riƙe ta tsakanin digiri 13 da 14. In ta sauka ƙasa da haka ɓawonta zai dushe, ba za ta yi kyakkyawar nuna ba har abada. Doya ma ba ta son tsananin sanyi, ba ta kuma son a rufe ta cikin kwantenar ƙarfe mara iska. A 2017 an yi bikin fitar da doyar Najeriya zuwa Ingila da Amurka, daga baya jaridu suka ruwaito cewa wani ɓangare ya isa a ruɓe. Abin ya yi min ciwo, don manomi ya yi nasa.

Wani ƙaramin abu da ke cinye dukiya shi ne rubutun lamba a takardar neman gurbi a jirgi. Digiri 18 ƙasa da sifili a Salshiyas kusan sifili ne a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke amfani da shi. In wani ya rubuta sifili bai faɗi ma'aunin ba, aka saita inji a sifilin Salshiyas, kifin zai narke. Haka in aka manta da ɗan layin nan da ake rubutawa kafin 18 mai nuna ƙasa da sifili. Saboda haka muke rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, mutum biyu su karanta kafin a aika.

Tsawon tafiya ba ya hannunmu. Jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a Maris ɗin 2021, kuma a ƙarshen 2023 hare-haren 'yan Huthi na Yaman a Bahar Maliya suka sa jirage da yawa zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, abin da ke ƙara kimanin kwana goma zuwa mako biyu. Daskararren kaya yakan jure wannan in wuta ba ta yanke ba. Mai ɗanyen kaya shi ne ke kwana da fargaba.

Inda aikin ya fi cin raina shi ne daga tashar Legas zuwa Kano. Takardu su ne matakin farko. In Form M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa ta banki, ko izinin NAFDAC ko takardar lafiyar kifi daga ƙasar da ya fito ba su kammala ba kafin jirgi ya iso, kwantena za ta zauna a tasha, kuɗin jinkiri da kuɗin wuta na hauhawa kullum, ejan yana ta kai da komo tsakanin kwastan da banki. Na koyi cewa ranar da aka loda kaya a can, ranar ake fara bin takardu a nan. Bayan an fito da ita sai hanya mai tsawon kusan kilomita 1,000, a watan Afrilu kuma zafin arewa yana haura digiri 40. Tirela tana buƙatar janareta a maƙale da kwantenar, janareta kuma gas yake sha. Direban da aka ba kuɗin mai a ƙididdige, ga tsadar gas, zai iya kashe injin da dare ya kunna da asuba, ya iso da allo yana nuna lamba mai kyau. Ban ɗora laifin a kan direbobi kaɗai ba. Wanda ya ƙwange musu kuɗin mai shi ma yana da kaso. Mu dai mun koma biyan kuɗin gas cikakke, mu kuma sa 'yar na'urar da ke rubuta yanayin sanyi a tsakiyar kaya tun daga wurin lodi. Ita ce shaidarmu a gaban kamfanin inshora, kuma ita ke nuna sa'ar da wuta ta yanke.

Dalilin da ya sa na matsa a kan wannan ya wuce asarar kuɗi. Titus da danginsa in suka yi ɗumi, ƙwayoyin cuta na haifar da wani sinadari a tsokarsu mai suna histamin. Sake daskarewa ba ya cire shi, suya ba ta kashe shi, yin bandar kifin ma haka. Wanda ya ci zai iya samun ƙaiƙayi da jan fuska da ciwon kai da amai. Matar da ta sayi rabin kwali don ta soya ta sayar a ƙofar gida ba ta da hanyar gane wannan, yaran da za su ci da garau-garau ma haka. Mu da muke bakin kwantena muna iya ganewa: kwalin da ya jiƙe ya sake bushewa ya lanƙwashe, jinin da ya gangaro ya daskare a ƙasan leda, ƙanƙara mai manyan ƙwayoyi a jikin kifin. In muka ga haka muna tsayar da saukewa, mu ɗauki hoto, mu ciro bayanin na'urar, mu kira mai duba kaya na inshora, kuma ko kwali ɗaya ba ya fita kasuwa sai sakamakon gwaji ya dawo.